Awa miliyan 3 a babbar kwamfuta: abin da na samu da abin da ya ƙone

Wasiƙar da ta zo mini daga wata cibiyar babbar kwamfuta ta ce an ba ni awa miliyan 3 na aiki da injinsu. Na karanta ta sau biyu, na tura wa ɗalibata, ta amso da cewa, "Malam, ai mun warke." Ni ma haka na ɗauka na 'yan mintoci, har na zauna na buga lissafi. Cibiyar tana ƙirga awa ne a kan kowace ƙwayar lissafi, wato ɗan sashen inji mai yin nasa lissafin shi kaɗai, ba ruwanta da agogon bango. Kowane akwati na injin nasu yana ɗauke da ƙwaya 128, aikina kuwa yana bukatar akwati 64, wato ƙwaya 8,192 a lokaci guda. In ya yi kwana ɗaya cur yana gudana, ya cinye awa 196,608. Raba miliyan 3 da wannan adadi, sai ka ga kwana 15 da 'yan awanni ne rabona na shekara ɗungurungum. Na sake rubuta mata na ce ta rage murna.

Shekara biyu ke nan ina aiki da injin wannan cibiya, kuma abokan sana'a da ɗalibai sun ishe ni da tambaya ko su ma su nemi kaso a can. Ba zan faɗi sunanta ba, don akwai ƙorafi a bakina, kuma mutanen da suka yi mini halacci a wurin ba su suka kafa dokokin da suka cuce ni ba. Irin cibiyoyin nan ne da ke ba masu bincike lokaci a babbar kwamfuta: ka rubuta takardar nema, kwamiti ya zauna, ya ba ka ko ya hana ka. Duk wanda ya taɓa aiki a irinta, ko a wace ƙasa ce, zai gane yawancin abin da zan faɗa.

Sana'ata kwaikwayon iska ce, iskar da ta hargitse, irin wadda ke murɗawa a bayan fiffiken jirgi ko tsakanin dogayen gine-gine. Dokokin motsinta an san su tun ƙarni na 19, su ne lissafin Navier da Stokes, amma da zarar iska ta hargitse ba mai iya warware su da alƙalami. Sai mu yayyanka sararin zuwa ƙananan gidaje kamar raga, kwamfuta ta lissafa gudun iska da matsinta a kowane gida, ta matsa gaba da ɗan takin lokaci, ta sake, haka sau dubbai. Ragata tana da gida 2,048 ta kowace fuska uku, jimla sama da biliyan 8 da rabi. Ba ka kuma da damar yin dogon taki don ka gama da wuri. Tun 1928 Courant da Friedrichs da Lewy suka nuna cewa a irin hanyar da nake bi, in takin ya wuce lokacin da iska ke ɗauka ta ƙetare gida ɗaya, lissafin zai tarwatse. Ka ƙanƙanta gidaje, dole ka ƙanƙanta taki. Shi ya sa in ka ninka lambar Reynolds sau 2, wadda ita ce ma'aunin ƙarfin hargitsin, aikin lissafin yakan ninku kusan sau 8. Mai irin wannan sana'a ba ya ƙoshi da inji.

Takardar neman kaso ta ci mini mako biyu, kuma na yi ta gunaguni a lokacin. Abin da suka fi matsawa a kai shi ne jadawalin da ke nuna yadda manhajarka ke ƙara sauri in an ƙara mata ƙwayoyi. Sun ba ni ɗan kason gwaji don in auna. A nan na ga abin da na sani a littafi amma ban taɓa ji a jikina ba sosai: daga ƙwaya 1,024 zuwa 8,192 saurin yana hawa yadda ya kamata, daga nan sai ya kwanta. Gene Amdahl ya faɗi dalilin tun 1967. In kashi 1 cikin 100 na aikinka ba ya rabuwa, wato dole ƙwaya ɗaya ce za ta yi shi saura suna kallo, to ko ƙwaya miliyan aka ba ka saurinka ba zai wuce ninki 100 ba. In kashi 5 ne, ninki 20 ne iyakarka. Na nemi akwati 128 tun farko, kwamitin ya duba jadawalina ya ce 64 ne haƙƙina. Gaskiyarsu ce, ko da yake na yi kwana biyu ina jin haushinsu.

Shiga injin ba wuya. Mabuɗin sirri, lambar tantancewa daga waya, sai baƙin allon Linux. Takardun koyarwarsu suna da kyau a babin farko, masu farawa za su ji daɗinsu, amma in ka nutsa ciki za ka tarar da shafukan da ke bayanin injin da aka riga aka kwance. Na ɓata yini guda ina bin umarnin da ya mutu tun kafin in zo.

Kowa kan fara tambayata, "Injin yana da sauri?" Yana da shi. Amma wannan tambaya tana ba ni dariya, don lambar da ake bugawa a saman shafin kowace cibiya ba ita ce za ka gani a aikinka ba. Jerin TOP500 na kwamfutoci mafiya sauri a duniya, wanda ake fitarwa sau biyu a shekara tun 1993, a watan Yuni da Nuwamba, yana auna injuna ne da gwajin LINPACK, wanda Jack Dongarra na cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi. Da wannan gwaji Frontier na Oak Ridge a Amurka ya zama na farko a jerin da ya ƙetare lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa guda, a 2022, sannan El Capitan ya karɓe kambun a Nuwamban 2024. Lambobi ne masu ɗaure kai, musamman in ka tuna Cray-1 na 1976, gagarabadan zamaninsa, iyakarsa lissafi miliyan 160 a daƙiƙa, abin da wayar aljihunka ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Sai dai LINPACK irin aikin da inji ke so ne, lissafi mai yawa a kan bayanai kaɗan. Aikinmu akasin haka yake: ɗauko lamba daga ma'adana, yi mata ɗan lissafi, mayar, ɗauko wata. Ƙwayar tana zaune tana jiran a kawo mata. Akwai wani gwajin, HPCG, da aka yi don ya yi kama da aikin gaske. Fugaku na birnin Kobe a Japan ya kai petafulof 442 a LINPACK (petafulof ɗaya shi ne lissafi miliyan sau biliyan a daƙiƙa), amma a HPCG 16 ya samu, ƙasa da kashi 4 cikin 100. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Manhajata ma a wannan unguwa take zaune, kuma ban ga laifin cibiyar a nan ba.

Inda injin ya burge ni da gaske shi ne igiyoyin da suka haɗa akwatunan. A kowane taki, kowace ƙwaya sai ta miƙa wa maƙwabtanta lambobin bakin iyakar yankinta, ta karɓi nasu, ta hanyar MPI, ƙa'idar aika saƙo da aka tsayar a 1994 kuma har yau ita muke ci da ita. Ba mai matsawa gaba sai kowa ya gama. Lewis Fry Richardson na Ingila ya hango wannan tun 1922, lokacin da ba kwamfuta ko ɗaya a duniya. Ya kwatanta wani ƙaton zaure mai mutum 64,000, kowa da alƙalaminsa yana lissafin yanayin yankinsa, ga shugaba a tsakiya yana haska fitila ga waɗanda suka yi gaba da yawa da waɗanda aka bari a baya don a tafi tare. Duk lokacin da na ga aikina ya yi nauyi saboda akwati ɗaya ya yi sanyin jiki, sai in tuna mai fitilar nan. A wannan cibiya ba kasafai hakan ke faruwa ba. Na yi aiki a ƙaramin injin da in ka wuce akwati 8 saƙonni ke cunkushewa, don haka na san darajar abin da nake yabo.

Sai layi. A nan ne rayuwar mai wannan sana'a ke tafiya, kuma ba wanda ke gaya wa ɗalibi haka kafin ya shigo. Ba ka taɓa injin da hannunka. Kana rubuta 'yar takarda ce ka ce ina son akwati kaza na awa kaza, ka miƙa wa Slurm, manhajar rabon aiki da aka fara ginawa a ɗakin bincike na Lawrence Livermore, sannan ka koma ka jira. Aikina na farko mai akwati 64 ya yi kwana huɗu a layi. Na biyu kwana shida. Na riƙa buga umarnin duba layi kamar mai taɓa haƙori mai ciwo da harshe, na farka da tsakar dare in duba, in tarar yana nan inda yake, da kalma ɗaya a gefensa mai nuna cewa akwai waɗanda suka fi ni fifiko.

Sai da na ɗauki wata uku kafin in fahimci yadda layin ke tunani. Ba wanda ya riga zuwa ne ke riga shiga ba. Ana duba nawa ƙungiyarku ta ci a 'yan makonnin baya, in kun ci da yawa a tura ku baya. Sannan yayin da Slurm ke tara akwatuna don wani babban aiki, akwatunan da suka riga suka zama fanko ba a barinsu zaune: ana cusa ƙananan ayyukan da za su gama kafin babban ya fara. Ma'ana, wanda ya faɗi gaskiyar lokacin da yake bukata shi ke cin riba. Ni kuwa saboda tsoro nakan nemi awa 24 ko da aikin na awa 9 ne, ashe da hannuna nake rufe wa kaina waɗannan ramuka. Da na fara neman awa 10, jiran ya sauko daga kwanaki zuwa yini guda. Wannan bayani yana cikin takardunsu, amma a can ƙasan wani shafi da ba mai kaiwa. Ya kamata ya zama abu na farko da ake gaya wa sabon shiga.

Akwai ƙaramin layin gwaji na minti 30, akwati biyu zuwa huɗu, wanda kusan kullum yake buɗe. Shi ne abu mafi amfani da cibiyar ta tanada, in ka tambaye ni. Wanda ya taɓa jiran kwana biyar sannan aikinsa ya mutu cikin daƙiƙa 3 saboda ya manta harafi ɗaya a sunan fayil ya san abin da nake nufi. Ya faru da ni, kuma ba sau ɗaya ba. Abin da ban yafe ba shi ne watan ƙarshe na shekarar kaso, lokacin da kowa ya tuna yana da ragowar awannin da za su ƙone in bai ci ba. Layin yakan cika da ayyukan da masu su ma ba su damu da sakamakonsu ba. Da cibiyar za ta raba kason wata uku-uku, ko ta bari a ƙetare da wani ɓangare zuwa sabuwar shekara, da wannan turmutsutsu ya ragu.

A wata na biyar na yi asarar da ta fi kowace ciwo. Aiki ya shiga, yana tafiya lafiya lau, a awa ta 21 akwati ɗaya cikin 64 ya mutu. Ma'adanarsa ce ta samu matsala. Tunda kowa na jiran kowa, sauran 63 suka tsaya cak, aikin ya rushe. Ban ajiye zango ko ɗaya ba, wato ban sa manhajar ta rubuta halin da take ciki a faifai don a ci gaba daga nan ba. Awa 172,032 suka tafi, kusan kashi 6 cikin 100 na rabon shekarata, ban tsira da ko lamba ɗaya ba. Na rubuta wa teburin taimako wasiƙa mai zafi. Har yanzu ina jin kunyarta.

Washegari wata injiniya ta amsa. Ta ce, "Dakta, mun tabbatar laifin akwatinmu ne, an mayar maka da awanninka. Amma in ba damuwa, me ya sa ba ka ajiye zango?" Na ce mata ajiye zango ɗaya yana cin minti 40, ba zan iya biyan wannan sau da yawa ba. Ta nemi izinin duba manhajar. Bayan kwana biyu ta dawo da amsa: kowace ƙwaya cikin 8,192 tana buɗe fayil nata na kanta ta rubuta, duk a daƙiƙa guda. Rumbun ajiyarsu Lustre ne, wanda ya ƙware wajen zuba manyan fayiloli a faifai masu yawa a lokaci ɗaya, amma buɗe fayil da sa masa suna duk ta hannun 'yan injuna kaɗan masu riƙe rajista suke bi. Na tura mutum dubu takwas ƙofa ɗaya. Ba kaina kaɗai nake cuta ba, duk wanda ke aiki a injin a wannan lokaci yana jin nauyin abin da nake yi. Ta faɗi wannan cikin ladabi, ta kuma haɗo da misalin yadda ake rubuta fayil guda na HDF5, wani tsarin ajiye bayanan kimiyya, wanda ƙwayoyin ke zubawa tare. Muka yi mako guda muna gyara. Minti 40 ya koma minti 5.

Ita ce kuma ta tuna mini da ƙa'idar da Young ya fitar a 1974 game da tazarar da ta fi dacewa tsakanin zango da zango. Ka ninka lokacin rubuta zango da matsakaicin lokacin da inji ke yi kafin wani abu ya lalace, ka ninka da 2, ka ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito. In muka ɗauka a girman aikina wani abu kan lalace sau ɗaya a kwana, wato minti 1,440, zango kuma minti 5 ne, abin da zai fito 14,400 ne, tushensa 120. Duk awa biyu ke nan. Tun daga ranar haka nake yi. Akwati ya sake mutuwa sau biyu bayan nan, ban yi asarar fiye da awa ɗaya da rabi ba.

In da za a ce in ba cibiyar nan maki a kan abu ɗaya tak, a kan wannan baiwar Allah da abokan aikinta zan ba ta. Shekara 14 ina wannan sana'a, na rubuta takardu a kan hargitsin iska, amma ba wanda ya taɓa koya mini yadda ake rubuta fayil. An koya mana lissafi da kimiyyar motsi, sauran kuwa aka bar mu mu tsinta a hanya. Mutanen teburin taimako su ne ke cike wannan giɓi, kuma sunansu ba ya fitowa a saman takardar bincike, sai dai a layin godiya na ƙarshe, in an tuna. A cikin shekara biyun nan uku daga cikin waɗanda na saba da su sun bar aiki. Ita ma ta tafi a bara. Wanda ya gaje ta yana da kirki, amma saƙon neman taimako yanzu yakan yi kwana huɗu ko biyar kafin a taɓa shi, inda a da kwana ɗaya ne. Cibiyar ta sanar da sayen sababbin akwatuna da ɗoki mai yawa. Ban ga sanarwar ɗaukar sababbin mutane ba.

Ƙorafina mafi girma a kan ajiya ne. Kowace lamba a lissafina tana cin bayit 8. Gida biliyan 8 da rabi, kowanne da lamba huɗu, gudun iska ta fuska uku da matsinta, hoto ɗaya na halin iskar ya kai gigabayit 275. Don a fitar da ƙididdiga mai ma'ana muna ajiye hoto 200, terabayit 55 ke nan. Wurin da zai ɗauki wannan shi ne rumbun wucin gadi, wanda dokarsa ita ce duk fayil ɗin da ya yi kwana 60 ba a taɓa shi ba za a share shi, kuma ba a ajiye kwafinsa a ko'ina. Na san dokar, na sa hannu a kanta. Ɗalibata ta yi rashin lafiya na tsawon lokaci, ni kuma koyarwa ta sha kaina. Da ta dawo ta buɗe jakar aikinta, ta tarar da sunayen jakunkuna a jere, cikinsu wayam. Ta kira ni, muryarta na rawa, "Malam, babu komai." Kusan kashi biyu cikin uku na hotunan sun tafi.

Laifin nawa ne, ban musa ba. Amma gargaɗin da aka ce an aiko ya faɗa ne cikin wasiƙar sanarwa ta mako-mako, tsakanin labarin taron bita da jadawalin gyaran inji. Injin da ya san ranar da aka taɓa kowane fayil cikin miliyoyi ba zai gaza aika wa mai fayil saƙo na musamman ba, a ce masa terabayit kaza naka za su tafi ran kaza. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Akwai rumbun kaset na ajiyar dogon lokaci, kuma yana aiki, sai dai neman gurbi a cikinsa wata takarda ce daban da ba a ambata lokacin neman kaso. Abin da ya cece mu shi ne zangunan nan: muna da uku da na kwafe zuwa wani wuri, muka sake gudanar da aikin daga can. Ya ci mana awa wajen dubu 600 da wata biyu na karatun yarinyar.

Sake gudanarwar ta zo da wani darasi. A tsakani cibiyar ta sabunta manhajar da ke harhaɗa rubutunmu zuwa harshen inji, ta cire tsohuwar. Muka tashi daga zango ɗaya, da manhaja ɗaya, amma bayan taki dubu kaɗan iskar ta ɗauki wata hanya daban da ta farko. Ɗalibata ta ɗauka ta ɓata wani abu. Ba ta ɓata komai ba. Kwamfuta tana yanke wutsiyar lamba bayan wasu gurabe, don haka in ka tara lambobi uku, wanda ka fara haɗawa yana iya canza gurbi na 16 na amsar. Sabuwar manhajar ta canza jerin tarawar, hargitsi kuma ba ya yafe ƙaramin bambanci. Edward Lorenz ya ci karo da wannan a 1961, lokacin da ya sake shigar da 0.506 a madadin 0.506127, yanayin da kwamfutarsa ke kwaikwayo ya sauya gaba ɗaya. Matsakaitan ƙididdigarmu sun fito daidai da na farko, kuma su ne abin da muke bugawa, don haka kimiyyar ba ta girgiza ba. Duk da haka cire tsohuwar manhaja a tsakiyar shekarar kaso ba daidai ba ne. Yanzu muna kulle duk kayan aikinmu a cikin kwantena ta Apptainer, wato ƙunshin da ke riƙe manhaja da duk abin da take bukata, wadda cibiyar ta yarda da ita, don abin da muka harhaɗa yau ya zama shi ne zai gudana baɗi.

Sababbin akwatunan da na ambata duk masu GPU ne, wato na'urar da aka fara ƙerawa don zana hoto, mai yin ƙananan lissafi masu yawa a lokaci guda, kuma can kason ke komawa sannu a hankali. Haka abin yake a duniya, Frontier da El Capitan ma yawancin ƙarfinsu daga GPU yake fitowa, don lissafin da suke yi da wutar lantarki daidai wa daida ya fi na ƙwayoyin gargajiya yawa. Manhajata da Fortran aka rubuta ta, harshen da ya fito daga IBM a 1957 ƙarƙashin John Backus, kuma wasu sassanta sun girmi ɗalibata. Cibiyar ta shirya zaman aiki na kwana biyar, kowace ƙungiya da mai ba ta shawara, muka kwashe sashen da ya fi cin lokaci zuwa GPU. Zaman ya yi kyau ƙwarai, na fi ƙaruwa a kwana biyar ɗin nan fiye da wata shida na karatu ni kaɗai. Amma kwana biyar ba ya kwashe manhajar shekaru. Sauran aikin zai ci shekara guda ta mutum ɗaya, shekarar da ba za ta haifi takardar bincike ko ɗaya ba, kuma kwamitin ƙarin girma takardu yake ƙirgawa. Ban san ɗalibin da zan ɗora wa wannan da zuciya ɗaya ba, don haka ni nake yi, da daddare.

Ga mai tambaya ko ya nema: in aikinka yana shiga kwamfuta ɗaya mai ƙarfi ya gama cikin kwana biyu ko uku, zauna inda kake. Jiran layi kaɗai zai cinye ribar, kuma ƙwaya ɗaya ta babban inji ba ta fi ta teburinka sauri ba, wani lokaci ma ta teburin ce gaba. In kuwa ragarka ta fi ƙarfin ma'adanar kowace kwamfuta guda, kamar tawa, to ba ka da wani zaɓi, kuma wannan cibiya za ta yi maka aiki: injin tsayayye ne, igiyoyinsa nagari, suna mayar da awanni in laifinsu ne ba tare da ja-in-ja ba. Ka nemi gurbin kaset rana ɗaya da neman kaso. Ka auna lokacin rubuta zangonka tun a layin gwaji. Ka nemi zama da mutanen teburin taimako a makon farko, tun ba ka da abin yin fushi a kai.

Na miƙa takardar neman kaso na shekara ta uku a makon jiya. Na nemi awa miliyan 2 a tsofaffin akwatuna da ɗan kaso a masu GPU, ƙasa da abin da aka ba ni da farko, tunda yanzu ba na ƙona minti 40 a kan kowane zango. A gurbin da aka ce a rubuta shawara ga cibiya, na rubuta abu biyu: saƙon gargaɗi na musamman kafin a share fayil, da ƙarin mutum biyu a teburin taimako. Ɗalibata ta sa wa wayarta ƙararrawa duk ranar 1 ga wata, da sunan rumbun wucin gadi a jiki.